Maharazu, Ba Kai Ka Ɗora Kiɗa a Kan Ayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 17 ga Nuwamba, 1999, da hantsi, ina cikin aji ina koyarwa aka aiko mini cewa Allah ya yi wa Malam Maharazu Audu na Kabara rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, amma ban ma san yana kwance ba, kuma laifin wannan ba na kowa ba ne sai nawa.

Maharazu, mutanen Ƙofar Wambai sun san ka da gyaran rediyo. Mu da muke rubuta waƙa mu karanta ta a kaset, ba tare da rerawa ba, mun san ka da wani abu daban. Kai ne kake sa sauti a ƙarƙashin muryarmu, da gurmi, ko sarewa, ko ɗan fiyanon nan naka mai karyayyen maɓalli. Ba ka taɓa kiran aikin kiɗa ba. Cewa kake yi, "Ni tabarma nake shimfiɗa wa magana ta zauna."

Sau uku kake sa mutum ya karanta waƙarsa. Na farko ka rufe ido ka saurara. Na biyu ka bi takarda da fensir kana sa alama duk inda ya ja numfashi. Sai a na uku za ka taɓa gurmi. Ni da nake da gaggawa na sha tsiya a wurinka. "Malam Ɗayyabu," ka kan ce, "karatu kake yi ko biyo ka aka yi?" Da na rubuta waƙar marina, har Ƙofar Mata ka je da rakodarka ka ɗauko ƙarar mabuga suna dukan yadi, ka sa ta can ƙasa-ƙasa. Da Hajiya 'Yardada ta zo karanta waƙar ɗanta da ya rasu, muryarta na rawa tana tsayawa, ba ka ce ta sake ba. Ka bi ta da sarewa a hankali, in ta tsaya ka jira ta, har ta kai ƙarshe.

Kana da doka guda wadda ba ka taɓa karyawa ba. Duk inda aya ta zo a cikin waƙa, ko sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, za ka zagaye wurin da jan biro. Kafin a iso nan sauti ya ɗauke ɗif, ba zai dawo ba sai an wuce. Gidanku gidan malamai ne, kuma saboda wannan dokar kaɗai yayanka, Malam Mikail, ya kau da kai daga sana'ar da ba ya so.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Mayu, da soja za su miƙa mulki, na rubuta waƙar murna. A tsakiyarta na kawo ayar da ta ce Allah ke ba da mulki ga wanda ya so, ya karɓe daga wanda ya so. Ka ɗauki muryata, ka ɗauki gurminka a kaset daban, saura haɗawa. Ka ce sai na ba ka mako biyu. Ni kuwa ina so waƙar ta shiga kasuwa kafin ranar rantsuwa, a ce Ɗayyabu ne ya riga kowa. Na karɓi kasetin biyu da sunan zan saurara a gida, na kai wa wasu masu haɗa sauti a wajen gari. Suka zuba gurmin daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. Da kunnena na ji kiɗa yana tafiya a kan aya. Na ce a raina ba wanda zai lura. A bangon kasetin kuma aka rubuta sunanka a matsayin mai kiɗa.

Kabara ce fa, unguwar malamai. Kwana uku ba a yi ba aka lura. Malam Mikail ya kira ka gaban dattawan gida ya ce ka tozarta su. Almajiran mahaifinku suka daina amsa gaisuwarka da sakin fuska. An gaya mini cewa a gaban dattawan kana zaune kanka a ƙasa har aka tashi, ba ka ambaci sunana ba. Daga ranar ka rataye gurmi, ba ka ƙara taɓa shi ba.

Sau ɗaya ka zo wurina, a ƙofar makaranta, riƙe da kekenka. Ka ce, "Malam Ɗayyabu, ka ji abin da ake faɗa?" Na ce, "Ka san Kano da surutu, zai wuce." Ka ce, "To, Allah ya kyauta." Ka tura kekenka ka tafi. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Ina gudun a ce malamin makaranta ne ya yi wannan aika-aika. Kullum ina cewa gobe zan je in warware, har wata shida suka shuɗe. Tir da wannan hali nawa.

Ranar sadakar uku na nemi a yi mini iso wurin maiɗakinka, Malama Sa'ida. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko ka bar mini wata magana. Daga bayan labule ta ce, "Malam, tun watan Mayu ban ƙara jin sunanka a bakinsa ba, da alheri ko da sharri."

Saboda haka nake shaida a gaban Allah da duk wanda ya karanta wannan: Maharazu bai ɗora kiɗa a kan aya ba, bai sani ba, bai yarda ba. Ni na yi. Malam Mikail, ƙaninka ya rasu da tsarkin hannu a kan wannan magana, fushinka ni ya dace ya hau.

Allah ya jiƙan ka, Maharazu, ya haskaka kabarinka, ya sa haƙurin da ka yi ya zama nauyi a mizaninka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Sa'ida, da 'ya'yanka Ikram da Mubarak, da Malam Mikail, da dukan jama'ar Kabara. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin wanda ke da ikon ce mini "na yafe" mun rufe shi da hannunmu ranar Laraba.

Ɗayyabu Tanko, Ƙofar Mata, Kano.