Siririn Gilashin da Ta Yanka wa Yayanta

Mai Tabarau ake ce mata. A shagon mahaifinta ta tashi, tana kallonsa yana goge gilashin ido a kan dutsen inji, ruwa na ɗiga. Shi ya nuna mata cewa in farin haske ya ratsa gilashi, shuɗi ya fi ja lanƙwasawa, sai launuka su rabu. Wani gilashin kaɗan yake raba su, wani kuwa, musamman siririn nan mai ƙarfi, watsa su yake yi.

Da tsohon ya rasu, ko hawaye bai bushe ba yayanta ya kira 'yan gwangwan suka ɗauke injin, ya zubar da akwatunan gilashi a bola, ya cika shagon da yadi. Tana tsugune tana tsince su ya ce, "Ke mace, me za ki yi da fasassun kwalabe?" Ta ci gaba da tsintarta, amma ta ƙullace shi.

Ta yi shekaru tana yi wa wasu aiki kafin ta buɗe nata shagon. Rannan sai ga Yaya da takardar likita, idonsa ya yi rauni ƙwarai.

"Ƙanwata, kada ki yi mini tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ni mutum ne mai shiga jama'a."

"Siriri kake so, Yaya?"

"Wanda ya fi kowane."

Da wani ne, da ta gargaɗe shi. Ta zaɓo gilashin da ya fi duka watsa launi, ta haɗa da faffaɗan firam don abin ya ƙara muni ta gefe-gefe.

Daga ranar duk farin yadin da ya kalla ta wutsiyar ido sai ya ga bakin yadin ɗaya ya yi shuɗi, ɗaya bakin ruwan ɗorawa. Ya rantse rini ne ya zuba. Ya mayar wa dilan da ke ba shi yadi da bandir guda, suka yi kaca-kaca a bainar jama'a, dilan ya daina ba shi kaya. Maƙwabta suka fara cewa kansa ya taɓu.

Ya dawo mata a fusace. Ta ɗaga tabaraun sama, ta hura, ta goge da gefen mayafi.

"Lafiyarsa lau. Ka daina juya ido, ka riƙa juya kai gaba ɗaya."

Haka ya koma yi, har kasuwa ta sa masa suna Mujiya.

Mahaifiyarsu ce ta gane. Ta same ta a shago ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, ɗan'uwanki ne fa."

"Na sani, Mama. Abin da ya nema na ba shi."

Sai da tsohuwar ta yi mata kuka sannan ta canza masa zuwa mai kauri, ta aika masa ba tare da ko gaisuwa ba. Launukan sun ɓace, amma har yau in ta bi ta layin masu yadi ta ji an ƙwala "Mujiya!", takan rage tafiya don ta ji ya amsa.