Fararen Duwatsun Ajidan Labo

Cikin duk ranakun da na yi ina kula da hanyar dutsen nan tamu, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Lahadi ta ƙarshen bazara, da wani manomi ya tare mu a bakin gonarsa, fartanya a kafaɗa. Ku da kuka shigo ƙungiya daga baya kun tarar da fararen duwatsu jere a gefen hanya, na ma ji wasunku na cewa don ado aka yi su. Ba don ado ba ne. Bari in faro muku daga tushe.

Ƙungiyarmu ta masu tattaki ba wani babban abu ba ce. Ma'aikata ne na Birnin Konni, malaman lakwal, wato makaranta, da 'yan buro masu aikin ofis, sai 'yan kasuwa ƙalilan. Yawancinmu likita ne ya koro mu daga kan kujera, ya ce ko mu motsa jiki ko hawan jini ya kwantar da mu. Kowace Lahadi bayan sallar asuba mukan cika motoci mu nufi wajen Dogarawa, mu ajiye su a gindin tudu, mu hau ta wata tsohuwar hanyar makiyaya, mu sha iska a sama, mu sauko kafin rana ta yi zafi. Ni a ma'aikatar hanyoyi na yi aikina har na ajiye, saboda haka ranar da aka raba muƙamai ko tambayata ba a yi ba, aka ce Salisu ne mai hanya. Albashin muƙamin kofin shayi ne, shi ma in Alhajin da ke kawo sukari bai manta ba.

Ga yadda aikin yake. Lahadin ƙarshen wata ba a tattaki, aikin gayya ake yi. A zo da diga da shebur da adda da baro. A sare ƙayar da ta rufe hanya, a cike ramuka, inda gangare ya yi tsanani a jera manyan duwatsu su zama matakala. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne 'yan magudanan da muke yankawa a karkace, don ruwan sama ya bar hanya tun bai yi ƙarfin da zai mai da ita kwazazzabo ba. Kafin a taɓa komai kuma, sai an je an gaida mai gari an faɗa masa abin da za a yi. Wani abin mamaki, ranar gayya ce suna da ɗaurin aure suka fi yawa a Konni. Rabin 'yan ƙungiya sai ka ji sun tafi barka.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ganin ya tafi barka ranar aiki ba: Ajidan Labo. Tsohon jandarma ne, ajidan kuwa babban muƙami ne a cikin ƙananan hafsoshi, irin wanda kurata suka fi tsoro fiye da kwamanda. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ke gaba in ana tafiya, kuma babu mai wuce shi. Dogo ne siriri, ya haura saba'in, yana riƙe da sandar gora. Bai iya yabo ba. In ka yi aiki mai kyau, iyakarsa ya yi shiru, kai kuma ka koma gida da murna.

A shekarar da nake ba ku labari ne na fara lura da wasu abubuwa game da shi. Kwanar da ya sha bi shekara da shekaru sai ya zarce ta, ya shiga ƙaya. Wata rana ya yi wa wani kututture sallama, muka yi dariya, shi ma ya murmusa. Sai ranar da ya faɗi a gangare, ƙwaurinsa ya fashe, jini har cikin takalmi. Da muka ɗaga shi ya dube ni ya ce dutse ne ya mirgine, mai hanya bai yi aikinsa ba. Na san dutsen nan, ni na dasa shi, ko jaki bai isa ya motsa shi ba. Na haɗiye, amma abin ya ci mini rai har gida.

Cikin makon sai ga 'yarsa Rakiya, wadda ke aikin ungozoma, ta zo gidana da yamma. Bayan gaisuwa ta ce:

"Kawu, idanun Baba na tahiya. Likita ya ce ba yanar ido ta ba, da an kankare. Jijiya ta, kuma ba ta dawowa. Shi ko ya hana a hwaɗa ma kowa."

Na ce, "To mi kike so in yi, ɗiyata?"

"Yayyena sun yanke magana. In yas sake hwaɗuwa, an gama, gida za shi zamna. Kai ko ka sani, tun da Inna tar rasu, Lahadin ga ita kaɗai tar rage mishi. In anka amshe ta, ba shi kai baɗi."

Na tambaye ta ko akwai abin da yake iya gani har yanzu. Ta ce abu mai haske a kan duhu yana ganinsa, shi ya sa ta sauya masa kwanon abinci zuwa fari. Ta roƙe ni kada in nuna masa na sani. Da ta tafi na daɗe zaune, haushin da nake ji da shi duk ya koma tausayi.

Abin da na yi ba wata dabara ba ce, aikina ne na dā. A bakin kwalta mukan shafa wa duwatsu fari don direba ya ga gefen hanya da dare. Na samo farar ƙasa daga Malbaza, na je na gaida mai gari na faɗa masa, sannan ranar gayya na sanar da 'yan ƙungiya cewa an shigo da sabon tsari, za a yi wa hanya shaida kamar yadda ake yi a ma'aikata. Muka zaɓi duwatsu masu girman kan mutum, muka jera su ta gefen da rami yake, a kwana kuma muka matso da su kusa da juna. Ajidan ya tsaya yana sauraren ƙarar burushi ya ce:

"Mi na na wagga kwalliya? Hanyar awaki muka gyara ko ta gwamna?"

Na ce tsari ne. Ya yi tsaki, ya ɗauki bokitin farar ƙasa, shi ya yi ta ja mana shi har muka gama. Ranakun Lahadin da suka biyo baya kuwa ko tuntuɓe bai yi ba. Yana gaba, kai a miƙe, mu masu tumbi muna haki a baya. Ni da Rakiya in mun haɗu a gari sai dai mu gaisa mu yi murmushi.

Akwai wani wuri a farkon hawan inda hanya ke ratsawa tsakanin wata gona da kwazazzabo mai zurfi. Nan ne na fi zuba duwatsu. Mai gonar, Arzika, yana Nijeriya cin rani lokacin da muka yi aikin, bai ji komai daga bakin mai gari ba. Ya dawo sharar gona, ya tarar da fararen duwatsu jere a bakin gonarsa. Ku 'yan birni ba za ku gane abin da wannan ke nufi ga manomi ba. A karkara farin dutse a layi hannun hukuma ne: ko za a yanka hanya, ko za a fitar da burtali, kowanne kuwa gona ce ke raguwa.

Ranar Lahadin nan muna isa wurin na ga babu dutse ko ɗaya. An tumɓuke su an tara a ƙarƙashin wata aduwa. Ajidan da ke gaba ya rage sauri, ya fara buga sanda a ƙasa yana lalube, ga rami a hagunsa. Na ɗaga ƙafa don in cim masa. Kafin in ƙarasa kusa da shi sai ga Arzika ya fito daga gonar ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Wa yab ba ku izni ku sa shaida ga gonata?"

Na matso na yi sallama, na ce mu ba hukuma ba ne, masu tattaki ne, kuma mai gari ya sani. Ya ƙare mini kallo sama da ƙasa.

"Kai ba ma'aikacin hanya ba na? Na san ka. Na gan ka bakin kwalta da hula kana awo. Da hwarin dutse kuka hwarawa, daga baya sai mu ga katafila."

Na rantse masa na ajiye aiki tuni. Bai ko saurare ni ba.

"To in ba hanya za ku yanka ba, mi na amfanin hwarin? Awakina sun san hanyar ga, mata masu itace sun san ta. Ku manya da ku, ku ka ɓacewa?"

Amsar tambayarsa tana tsaye kusa da ni, ta dogara da sandar gora. In na faɗi gaskiya, na tona asirin dattijo a gaban mutanen da ya saba ba umarni. In ban faɗa ba, duwatsu sun tafi, kuma faɗuwa ɗaya ce ta rage masa. Na fara kame-kame, wai don baƙi muka yi, wai akan zo daga Tawa. Arzika ya ce ƙarya ce, kuma duk dutsen da muka mayar shi zai wurga shi cikin kwazazzabo da hannunsa.

Sai Ajidan ya gyara murya.

"Malam, mi a sunanka?"

"Arzika."

"Arzika, ba wanda ka son gonarka. Duwatsun ga nawa na. Idanuna sun tahi, hwari kaɗai nika gani. Yaran ga sun shahe su don kar in hwaɗa rami, suna tsammani ban sani ba. Ni ko na ƙyale su, don in na nuna na sani sai na yi godiya, kuma ban saba ba."

Malamin lakwal da ya fi kowa dariya ranar kututture ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na juya ina kallon tudu kamar akwai abin gani.

Arzika ya sauke fartanyar a hankali. Ya ce, "Subhanallahi. Baba, ai da an hwaɗa min." Ya wuce gindin aduwa ya kinkimo dutse, ya tambaye ni inda yake dā. Muka zube jakunkunan ruwa muka shiga ɗauka, har Alhajin sukari da ban taɓa ganin ya sunkuya ba. Ajidan ya zauna a kan wani falalen dutse yana ba da umarni, wai a juyo farin ta gefen mai hawa, wai na kwanar sun yi nisa da juna tun farko, mai hanya bai iya awo ba. Wannan karon faɗan ya yi mini daɗi. Sharaɗi ɗaya Arzika ya kafa, kada dutse ya shiga kunyar gonarsa ko da taki ɗaya, kuma har yau muna kiyayewa.

Muka hau sama aka dafa shayi, hira ta ƙi kamawa. Da za mu sauko Ajidan ya riƙe hannuna muka ɗan tsaya baya.

"Salisu, damana na tahe. Ruwa guda za shi wanke hwarinka. Kuma kwanan ga ko shi sai na matso nika ganinai. Ba ni son a kai ni gida bisa kahwaɗa, Rakiya ta sha kunya gaban yayyenta."

Na ce za mu riƙa sabuntawa bayan kowane ruwa, za mu ƙara yawansu, za mu samo fenti mai mai. Ina ta zuba kamar mai roƙon a bar shi a aiki, don na ɗauka sallama yake yi da mu. Ya bari na gama.

"Ku sabunta, ban hana ba. Amma daga yau kai ka shiga gaba, ni ina bayanka." Ya laluba hannun rigata ya murza. "Kuma ka riƙa sa hwara. Wagga shuɗiyar taka ba ni ganinta."

Haka muka sauko ranar, ni a gaba da farar singileti don na cire rigar, 'yan ƙungiya na ƙunshe dariya saboda tumbina, shi yana biye da ni.

Na yi shekaru ina auna hanya da faɗinta da nauyin motar da za ta ɗauka. A kan tudun nan na koyi cewa hanyar ƙafa ana gyara ta ne don wanda ya fi kowa rauni cikin masu bin ta, kuma shi ne ba zai taɓa buɗe baki ya roƙa ba. Saboda haka ranar gayya in na miƙa muku burushi, kada ku ce mini kuna da suna a unguwa.

Ajidan yanzu ko duwatsun bai cika gani ba, rigar ce kawai. Uwargida na mitar jar ƙasar da nake kwaso mata a rigar kowane mako. Kowace Lahadi ina tafe ina jin bugun sandarsa a bayana, in na yi sanyi ya zungure ni da ita. Wallahi ranar da na daina jin ta, ban san yadda zan hau tudun nan ba.