Inna Mai Sikeli da Rigunan Ɗan Tela

Kafin a buɗe ƙofar ƙaramin asibitinmu, Inna Mai Sikeli ta riga ta iso. Sai ta share baranda, ta jera bencina, ta ɗauko sikelinta mai fuska kamar agogon bango ta rataye a ƙarfen rufi, ta murɗa ɗan kunnensa har allura ta tsaya daidai. Wandon awo, wannan na yadi da ake zura yaro a ciki a rataye shi, a gidanta take wanke shi, a jakarta take zuwa da shi. Daga nan ta ajiye buta da sabulu a bakin baranda, ta zauna jiran masu goyo.

Ita ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Awon yara ne aikinta, ta faɗi nauyi, nas ta rubuta. Watan jiya ta ajiye aiki, gwiwa ta ce ya isa. Samarin unguwarmu da ke ta ƙasaita yanzu, kusan duk sun yi lilo a wandon nan, wasu har sun jiƙa shi. Duk yaro namiji maigidanta ne, duk mace ƙawarta ce. Mai gadin asibitin ya ce bai taɓa jin ta ɗaga wa wata uwa murya ba, sai dai mazan da ke tsayawa a bakin ƙofa suna cewa a yi sauri.

Matar wani tela a unguwarmu ce ta ce a ba da labarin abin da ya haɗa ta da Inna, don wata ta ji ta amfana.

Ɗanta na fari ne, mai kumatu kamar an hura. Da ya fara rarrafe sai gudawa ta kama shi. Ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Kakarsa, wato mahaifiyar tela, ta ce haƙori ne, kowane yaro yana yi, kuma a rage masa abinci tunda duk abin da ya shiga fita yake. Ba mugunta ba ce, abin da ta taras ke nan. Kumatu suka zube. Tela ya rage wa rigunan yaron faɗi, bayan kwana biyu ya sake ragewa.

Abin da ya fi damun matar tela shi ne ranar awo. A baranda ake yi, kowa yana ji. A zuwan da ya wuce wata ta kusa da ita ta leƙa goyon, ta tambayi ta gefenta ko ana ba yaron nan nono kuwa. Maganar ta kwana mata a rai. Don haka da ranar ta zagayo, sai ta sa masa singileti, ta ɗora riga, ta ƙara wata, ta kawo rigar sanyi, da hula, da safa, ta naɗa masa ƙyalle mai kauri. Ana zafi kamar me. A tunaninta allura za ta ɗan ƙara gaba, ta fita kunya, wata mai zuwa kuma Allah ya kawo sauƙi.

Da layi ya zo kanta, Inna ta miƙa hannu ta karɓi yaron. Matar tela ta ga yadda hannun ya tafi sama babu wahala, ta ga Inna ta duba idanun yaron da suka faɗa. Ta sunkuyar da kai tana jiran a tsiraita shi gaban jama'a.

Sai ta ji Inna tana cewa, "Maigidana yau ya ci ado, ba zan rataye shi gaban matan nan su ƙwace min shi ba. Ku ɗan yi haƙuri." Mata suka yi dariya. Ta sauke sikelin daga ƙarfe, ta yafito nas, ta ce wa matar tela ta biyo ta ciki.

A ɗakin ciki Inna ta zauna ta ɗora shi a cinya, tana cire kayan ɗaya bayan ɗaya. Kowace riga ta cire sai ta ninke, ta yaba ɗinkin. Daga ƙarshe ta cire singileti. Haƙarƙari a fili, fatar cinya ta yi yaushi kamar ta tsoho. Ko kukan kirki bai iya ba. Ta auna shi, ta faɗa wa nas a hankali. Sannan ta tattara kayan nan duka ta zuba a wandon awo, allura ta motsa.

"Waɗannan kam lafiyarsu ƙalau," in ji ta. "Tela ya iya kiwon riguna. Saura maigidana."

Matar tela ta ce ba ta san lokacin da dariya da kuka suka zo mata tare ba. Ta fara rantsuwa cewa tana ba shi nono, ba ta taɓa hana shi ba. Inna ta dafa ta.

"'Yata, ba ke nake aunawa ba. Shi nake aunawa, don mu san ta inda za mu kama."

Nas ta haɗa ruwan gishiri da sukari nan take, aka fara ba shi da cokali, ta ce sai an kwantar da shi a babban asibiti. Inna ce ta kira tela a waya, ita ce kuma ta raka su bakin titi, ta dawo ta ci gaba da layinta.

Bayan an sallame su, sai ga Inna wata yamma a gidan tela, tana jan ƙafa. Ba wanda ya aike ta. Wajen kaka ta nufa, suka gaisa gaisuwar tsara, suka yi ƙorafin gwiwa. Ba ta ce haƙori ƙarya ne ba. Cewa ta yi lokacin haƙori ne yaro ke kai komai baki, ta nuna inda kaji suka ɓata tsakar gida, da kofin ruwa a yashe a ƙasa. Ta ce hanjin da ya sha gudawa ba ya riƙe abinci, yaron da bai ƙoshi ba kuma ciwo ba ya jin tsoronsa, haka abin zai yi ta zagaye in ba a ci gaba da ba shi nono da abinci mai laushi ba, kaɗan kaɗan. Daga nan ta ɗauki cokali ta sa a hannun kaka, ta ce ai yaran yanzu ba su da haƙurin wannan aikin, sai manya.

Tun daga ranar kaka ta zama shugabar sabulu. Tela da kansa, in ya dawo daga shago, ba ya taɓa ɗansa sai ta ga kumfa a hannunsa.

Abin bai zo da sauri ba. Gudawar ta sake leƙowa sau ɗaya, allura ta daɗe tana tsaye wuri guda. Matar tela ba ta fasa zuwa ba, kullum a ɗakin ciki ake yi musu awo.

Ranar ƙarshen Inna a wurin aiki, baranda ta cika. Da aka zo kan matar tela, Inna ta miƙa hannu za ta sauke sikeli kamar yadda aka saba. Matar ta ce a bar shi a nan. Da hannunta ta tuɓe yaron gaban kowa, riga ɗaya ce dama a jikinsa. Aka rataye shi yana harbin iska yana tsala ihu, allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ci gaba.

"Ku sauke min shi kafin ya tsinka igiya," in ji Inna, tana goge ido da bakin mayafi.

Inna, ke ce mai rufa asirin uwa ki tona na ciwo. Ke ce kika san wadda aka kunyata ba ta dawowa, wanda ba a dawo da shi ba kuma Allah kaɗai ya san labarinsa. Mun gode. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya saka miki da alheri.

Ku da za ku gaji sikelin nan, ku riƙa duba fuskar uwa kafin ku duba allura. Mu da ke kan benci kuma, mu kama bakinmu.

Jiya na wuce ta shagon tela, na tarar yana farke ɗinkin rigunan nan, yana mayar musu da faɗinsu.