Fitilar da Karnuka Suka Cinye wa Waya

Mijin yayata, Prokopiy Kanev, bai taɓa yarda da noti ba. A tanti aka haife shi, shekara arba'in yana bin garken bareyin kiwo irin na ƙasarmu mai ƙanƙara, kuma duk abin da ya taɓa haɗawa a duniya da igiyar fata ya ɗaure shi. Ƙarfe, in ji shi, in sanyi ya kai masa karyewa yake yi, fata kuwa sai dai ta ƙara riƙewa. Da gwiwoyinsa suka ƙi, ya dawo ƙauye ya zauna, ya sayi babur ɗin ƙanƙara. Kullum sai ya haye kogin Pechora ya duba tarunsa a ƙarƙashin ƙanƙara, ya dawo ya bi gidajen tsofaffi yana rataye musu kifi a ƙofa. Babur ɗin ma magana yake yi masa kamar dabba, in ya ƙi tashi har faɗa yake yi masa.

Bara injin ya mutu masa a bayan wani tsibiri na cikin kogin, iska ta taso da dusar ƙanƙara. Mazan gari sun wuce shi sau uku, tsakaninsu bai kai taku ɗari ba, ba su gan shi ba. Da aka samo shi, yatsun ƙafarsa biyu sun riga sun tafi. Shi dariya ma ya mayar da abin, wai yanzu takalmi ya daina matsa masa. Matarsa, Yaya Agafya, ba ta yi dariya ba. Bana kogi na daskarewa, ta lallaɓa rumfa ta cire bel ɗin injin ta ɓoye.

"Tsohuwa, ina bel ɗina?"

"Yana inda yatsunka suke," in ji ta. "Ka sa fitila a kan abin nan, wadda za a hango daga tagar nan har tsallake, ko injin ya mutu tana ci. In ba haka ba, na ba mijin 'yarka babur ɗin, ka zauna ka riƙa taya ni feraye dankali."

Ya zaga gari neman aron bel. Kowa ya ce nasa ya tsinke. Ni ce na riga shi zagawa na ja wa kowa kunne, kuma ban yi nadama ba.

Yefim mai kula da injin wutar ƙauye ya ba shi fitila ruwan ɗorawa, irin mai ƙiftawa, ya zana masa yadda za a yi a bayan kwalin shayi. Jar waya ta tashi daga batir kai tsaye, ta bi ta fis, ta bi ta makunni nata na daban, don kada ta dogara da injin. Baƙar waya a ɗaure ta a jikin ƙarfen babur. Fitilar kuma a ɗaga ta sama sosai, ta fi tudun ƙanƙara tsawo. Ya kuma gargaɗe shi cewa robar waya tsagewa take yi a sanyinmu, sai an rufe ta da wani abu.

Prokopiy ya sauko da tsohuwar sandarsa ta korar bareyi daga saman rumfa, wadda rabonsa da taɓa ta tun da ya bar kiwo. Ya rage mata tsawo, ya kafa ta a bayan sirdi, fitila a ƙoli. Kwana biyu yana abu ɗaya, ina leƙowa ta katanga ina tsokanarsa.

"Mijin Yaya, coci kake ginawa ne? Saura ƙararrawa."

"Ulyana, da bakin nan naki batir ne, da garin nan bai taɓa yin duhu ba."

Aikin kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Sai dai da aka zo rufe waya, mutumin naku ya yanko ɗanyar fatar barewa, ya naɗe wayar tun daga batir har ƙolin sanda, ya kuma mulke ta da man kifi don kada ta sandare. Haka ake yi wa igiyar keken da bareyi ke ja a kan ƙanƙara tun kakanni, kuma a can daji rataye ta ake yi a sama. Shi kuwa ya bar babur a tsakar gida, ya shiga shan shayi yana cika baki.

Da safe ihunsa ne ya fito da ni ba ko ɗankwali. Karnukan gari kusan bakwai na kwance zagaye da babur suna lashe baki, nasa karen a gaba. Sun cinye fatar tas, sun tauna wayar gutsi-gutsi, har gefen sirdi sun ɗanɗana. Fitilar kaɗai ta tsira don ta fi ƙarfin tsallensu. Na yi dariya har na zauna a cikin ƙanƙara. Yaya ta fito ta tambayi abin da ya faru, da na gaya mata sai ta riƙe ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Ka yi wa karnuka walima ba ka gayyace mu ba, tsoho?" in ji ta.

Ya tsaya yana kallon sandar, kafaɗunsa a sake, sai na ga tsufansa a fili, tausayinsa ya kama ni. Mutumin nan in aka raba shi da kogi, ba zai kai bazara da lafiyarsa ba. Na koma gida na yanko tiyon tsohon injin wankina, na jefa masa ta katanga.

"Ungo, zura sabuwar waya a ciki. Kare ba ya cin roba, sai dai in naka ya gaji haukarka."

Ya juya tiyon yana yatsina fuska, amma ya zura. Ya ma yarda ya ɗaura noti huɗu a gindin sandar, ko da yake na kama shi ya ƙara igiyar fata a kai, busasshiya wannan karon.

Ranar Asabar Yaya ta fito da bel daga cikin buhun gari, na gwaji kawai. Rana ta riga ta sunkuya tun ƙarfe biyu, kamar yadda take yi in hunturu ya shigo. Ya tashi babur ya gangara kogi, mu biyu muka tsaya a taga. Ya kai tsallake, ya shiga bayan tsibiri, daidai wurin bara, ya kashe injin. Gari ya yi tsit. Can sama da tudun ƙanƙara sai ga ɗan haske yana ƙiftawa, tsaf kamar a tafin hannu. Daɗi ya kama ni har na buga tagar.

"Yaya, ga shi can! Kin gani?"

"Na gani," ta ce.

Na juyo, sai na ga ba tsibirin take kallo ba. Idonta na can hagu, wajen da babu komai sai itatuwa. Sai a lokacin na tuna tun bara ni ke zura mata zare a allura, ran nan ma tambaya ta yi me karnuka suka yi alhali suna gabanta.

"Yaya, ba kya hango shi."

"Rufe min baki," ta ce, tana murmushi. "Ke kin hango?"

"Sarai."

"Yefim zai hango daga ɗakin injin?"

"Har makaho... har kowa ma."

Ta yi dariya ta daki hannuna. "To shi ke nan. Dama ba don ni na ce a sa ba. Ni ko ba fitila na san inda yake. Ku masu ido ne kuka wuce shi sau uku."

Ya dawo da kifi cike da buhu, gemunsa fari fat da ƙanƙara, fitila na ta ƙiftawa a bisa kansa don ya manta da makunnin. Tun daga ƙofa yake kirari.

"Tsohuwa, kin ga mijinki?"

"Na gan ka," in ji Yaya Agafya. Ta laluba ta kama hannun rigarsa ta jawo shi ciki. "Bel ɗin naka ne. Je ka kashe fitilar nan kafin ka cinye batir."