Ranar da Kwamfuta Ta Ce wa Tela A'a

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin unguwarmu za ka ji ƙarar makullanta. Ɗakinta ne na ƙarshe, bayan ɗakin ba da magani, ɗan tsukuku mai taga ɗaya da fanka mai kukan tsufa. Ta ajiye jaka, ta tuɓe takalmin hagu saboda ƙafar tana damunta, ta kunna kwamfuta, ta goge tabarau da bakin mayafi. Daga nan ƙofarta ba ta ƙara hutawa, domin ita ce mai kula da kwamfutocin asibitin. Nas ta zo firinta ta cinye takarda, mai ba da kati ya zo allonsa ya yi baƙi, likita da kansa ya zo yana sosa ƙeya ya manta kalmar sirrinsa. Kowa amsa ɗaya yake samu: "Bari in gani." Har sunan ya bi ta, yau in ka tambayi sunanta na yanka a asibitin nan sai an yi ta kallon juna.

A watan nan Bari-in-gani take ajiye aiki, kuma wallahi ba za mu bar ta ta sulale shiru kamar yadda ta saba ba.

Masu zuwa yanzu sun tarar da layi a tsare, ba su san yadda barandar nan take a da ba. Layi da lamba, kati da lamba, ɗaki da lamba. A kira sha biyu, mutum uku su miƙe: mai lambar layi, mai lambar kati, da wani bawan Allah da aka ce ya jira a ɗaki na sha biyu. Sai cacar baki, marasa lafiya su manta da ciwon da ya kawo su. Ita ce ta ce a bar wa kati da ɗaki lambobinsu, layi kuma a mayar da shi haruffa. Ta zauna ta rubuta wa kwamfuta 'yan layuka a harshen da ake ba ta gajerun umarni: na ɗaya ya zama A, na biyu B, har na ashirin da shida ya zama Z.

A faɗe kamar wasa. Gwajin farko ta ba na'ura ɗaya, na'ura ta miƙo mata B, domin ita kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, haruffa kuwa ba su san wani sifili ba. Ta koya mata ta riƙa cire ɗaya tukuna. Sai kuma babbar tambaya: in haruffa sun ƙare fa? Nan ta sha fama. A raba lambar da ashirin da shida, abin da ya yi saura shi ne harafin baya, abin da ya rabu a sake zagayowa da shi ya ba da na gaba. Ranar da ta buga ashirin da bakwai allo ya nuna mata AA, tsalle ta yi da ƙafarta mai ciwo.

"Ya wuce! Ya wuce!"

Nas ta faɗo ɗakin a guje. "Inna lillahi! Wane gado?"

"Ba gado ba, Sista, Z! Ya wuce Z!"

"Allah ya shirye ki, kin kusa tsinka mini zuciya," in ji nas, ta dafe ƙirji ta fita.

To, asibitinmu ƙarami ne, layin yini bai taɓa kaiwa Z ba. AA ta yi ta barcinta a cikin na'ura, har ranar da likitocin ido suka zo daga nesa yin aikin yanar ido. Yini ɗaya suka ba mu, da yamma su haɗa kayansu, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Baranda ta cika maƙil.

Cikin taron akwai wani tsohon tela na bayan kasuwa. Yanar ido ta rufe masa gani har an lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, matarsa ce ke jan sa da hannun riga. Su ne na ashirin da bakwai. Matar ta yi karatun manya, kuma tana ji da karatunta. Ta karɓi 'yar takardar layin da na'ura ta buga musu, ta nisanta ta, ta kusanto da ita.

"Malam, sun ce a'a."

"Suka ce me?"

"A'a. Ga shi an rubuta, da manyan baƙi ma."

Tsoho ya laluba ya ɗauki sandarsa. Ba masu jayayya ba ne, irin mutanen nan ne da ko hannu ka sa musu a baki ba za su ciza ba. Ya ce, "To, babu rabo. Tashi mu je, kada mu tare wa masu rabo benci."

Ita kuwa Bari-in-gani tun da ta ga layi ya doshi Z ta kasa zama. Ta fito baranda takalmi ɗaya a hannu, baki har kunne, don ta ga abin da ta rubuta ya hau babban allo a karon farko. Ya kuwa hau. Mai kira ya ɗaga murya, "A biyu! Mai A da A!" Shiru. Ya sake kira. Shiru. Ya ce, "Na gaba."

"Tsaya tukuna," ta ce. "Na'ura ba ta buga wa iska takarda. Ina mai ita?"

Mai gadi ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Hajiya, ko wani tsoho ne da matarsa? Sun fita. Na ce ina zuwa tun ba a duba ku ba, matar ta ce takarda ta ce a'a."

Ta ɗaga kai ta dubi allon. Sau nawa ta kalli haruffan nan biyu tana ganin ashirin da bakwai? Sai yanzu ta karanta su da harshen da ta sha a nono. Lissafinta daidai ne, ko ɗigo bai kuskure ba, amma ya kori makaho daga bakin ƙofar likita.

Mai gadi har gobe yana ba da labarin gudun nan, yana rantsuwa bai taɓa sanin tana da shi ba. Ta isa tashar bakin titi motar haya ta cika ta fara motsi. Ba ta yi wata-wata ba ta sha gabanta ta buɗe hannuwa. Direba ya taka birki, ya leƙo yana huci.

"Hajiya, mutuwa kike nema?"

"Tsoho nake nema!"

Ta same su a kujerar baya. "Baba, ku sauko, layinku ne ya zo. Ba a'a ba ne."

Matar ta gyara zama. "Baiwar Allah, na fa iya karatu. A da A, me ya ba ki?"

"Gaskiyarki, Inna. Karatunki lafiya lau, rubutuna ne bai ji Hausa ba."

Tela ya ce, "Kada dai a ce mun yi naci."

"Baba, ai ni ce mai nacin. Kama hannuna."

Fasinjoji suka buɗa musu hanya, wata mata ta miƙo sandarsa ta taga, direban da ke huci ma sai da ya ce Allah ya ba da sa'a. Suka shigo baranda su uku, ita tana ɗingishi tana haki. Ba ta gama zaunar da su ba wani dattijo mai barkwanci ya ɗaga tasa takardar. Shi ne na hamsin da uku.

"Hajiya, ni kuma BA aka ba ni. Ba me? Ba aiki, ko ba komai?"

Baranda ta kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma ta ji ta a jikinta. Taro na watsewa ta tara mai shara da mai gadi da nas a ɗan ɗakin nan, ta sa na'ura ta jero haruffa bibbiyu, tana karantawa da ƙarfi suna saurare. Duk wanda ya yi wa kunne kama da kora, ta ƙara layi ta ce na'ura ta tsallake shi. AA ta tafi, BA ta bi ta, KI ma aka sallame ta don kada wani ya karanta ƙi. Da aka zo kan CI mai gadi ya ɗaga hannu ya ce a bar wannan, ba a taɓa ce wa mutum ci ya yi fushi ya tafi gida ba.

An yi wa tela aiki kafin likitoci su tafi. Washegari nas ta warware masa bandeji, Bari-in-gani na tsaye a bakin ƙofa. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya tsura wa matarsa ido ya daɗe.

"Ke, yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun kana gani na fara, Malam, kai ne ba ka dubawa."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Bari-in-gani ta koma ɗakinta da sauri wai firinta na kiranta, alhali kowa ya ga tana share ido.

Ke ce wannan, uwar wayoyi, mai sa ƙarfe ya ji Hausa. Ke ce da za ki iya cewa lissafina daidai ne, laifin mai karatu ne, kuma ba mai kama ki. Ba ki faɗa ba, kika bi titi da ƙafa mai ciwo. Ba ki taɓa riƙe allura ko almakashi ba, amma tsohon nan da ke gane fuskokin jikokinsa yau, da hannunki a cikin ganinsa. Muna alfahari da ke, muna ƙaunarki, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sauwaƙe wa ƙafar nan da kika wahalar dominmu.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, da duk mai zama bayan tebur yana kiran jama'a, wayoyi da umarnin da ta rubuta za ku iya koya a hankali. Abu ɗaya muke roƙo ku ɗauka tun yau. In kun kira mutum bai amsa ba, kada ku yi saurin cewa na gaba. Ku tashi ku leƙa bakin ƙofa.