Ranar da Na Kai Tica Ofinso

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na maimaita aji uku. Ina tsaye cikin tashar Kejetia, babbar tashar motar garinmu, da kwandon albasa a ka, ƙafafuna cikin taɓo, kakata ta dafa kafaɗata. Za mu Asokore Mampong wurin ƙanwarta, kamar yadda ta tsiro da shi a 'yan makonnin nan. Motoci sun jeru, kowace da allon katako a samanta ɗauke da sunan garin da za ta. Kaka ta lalubi jakarta, ta sake lalubawa, sai ta ce, "Maigidana, na bar tabarau a gida. Duba mana, wace ce tamu? Kada ka tambayi kowa, kada a ce mijina baƙauye ne." Na ɗaga kai na duba. Farin fenti na gani a kan baƙin katako, shi ke nan.

Kowa a unguwarmu ta Zongo Tica yake ce mata, har limamin unguwa, har babana da ta haifa. Ta fara koyarwa a makarantar boko tun lokacin da ake ganin mace Musulma mai riƙe da alli kamar ta ɓata. Mu da muke gida ɗaya da ita mun san ta da asuba, tana shara da tsintsiyar kwakwa, tana tashe mu mu tafi layin famfo da bokitai, daga nan makarantar allo, daga nan koko da ƙosai a tsaitsaye, sai sukul. Hannunta kullum fari fat da alli, har tuwonta muna tsokanar cewa da alli a ciki. Ba ta duka. Tambaya take yi, kuma wallahi da yawanmu mun gwammace bulala.

To ga jikan Tica bai iya karatu ba. Da kunne nake yi. In wani ya karanta shafi sau ɗaya na kwashe shi, in aka zo kaina sai in buɗe littafi in zuba kamar ruwa, yatsana yana tafiya a kan layi don ado. Ranar da hedimasta ya buɗe mini wani shafi dabam, na zuba masa na jiya tsaf, ajin ya fashe da dariya. Babana mahauci ne, ba ya dogon zance. Ya ce in ƙarshen zangon nan ya zo ban iya ba, zai cire ni in bi shi mayanka wankin tumbi da hanji. A bakin famfo kuma mata suna cewa ta koyar da 'ya'yan duniya, nata ya gagare ta. Na ji da kunnena, na kuma san ita ma ta ji.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko sau ɗaya ba ta zaunar da ni da littafi a gida ba. Da yamma in muna buga ƙwallon tsumma a bakin kwata, ko ina ƙera mota da gwangwanin madara, tayoyi da tsohon silifa, sai ta jawo kujerarta ta zauna tana kallo. Ta tambaye ni me ya sa tayar baya ta fi girma. Ta tambaye ni wannan motar ina za ta, kuma ta yaya fasinja zai sani. Na ce direba zai faɗa masa mana. Ta ce to. Asabar ta gaba aka fara ɗora mini kwandon albasa.

A ranar nan ta Kejetia dabara na yi. Makonnin baya wata koriyar mota muke shiga, mai tsagaggen gilashi da zanen zakara a ƙofa. Na hango ta, na motsa leɓe kamar mai karatu, na ce, "Ga ta can, Tica." Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Motar ta kusa cika, yaron motar yana can gefe yana cin wake da shinkafa a ganye, ba ya kiran gari. Muka shiga, muka matse tsakanin wata mai kaji da wani tsoho mai adda. Ban san direba ya canza hanya a makon ba.

Tun da muka wuce unguwar Suame na ga wannan ba hanyarmu ba ce. Gidaje suka ƙare, gonakin koko da ayaba suka fara, mutanen motar duk yaren Tuwi suke yi, ba Hausa ko ɗaya. Na saci kallon Kaka. Tana leƙen taga hankalinta kwance, har tana tambayar mai kajin sunan wani dogon itace da muka wuce. Da yaron mota ya zo karɓar kuɗi ta sallame shi. Haka muka tafi har Ofinso, inda aka ce kowa ya sauka, ruwa kuma ya tsuge.

Muka fake a rumfar wata mai gasa ayaba. Ina jiran faɗa, sai ta saya mini ayaba da gyaɗa, ta bari na cinye. Sannan ta ce, "To, maigida, ka kawo ni yawon amarci. Yanzu mayar da ni gida." Can gaba motoci ne a jere da allunansu, babu koriya, babu zakara, babu wadda na sani. Na fara kuka. Ta ɗauki tsinke ta zana wani abu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sanda a tsaye da ƙafa biyu a gefe, ta ce sunan garinmu da wannan yake farawa, in je in nemo mata shi. Na shiga ruwan nan ina bin motoci ɗaya bayan ɗaya, ina dawowa in sake kallon ƙasa kafin ruwa ya share. Da na gan shi a kan allo sai da na yi ihu. Shekara huɗu ina zaune gaban wannan harafi na K a aji, ranar na fara ganinsa.

Daga nan kowace Asabar tabarau sai ya ɓata. Na karanta mata allunan gari, na koma rubutun jikin motoci, na koma na shagunan tela da masu aski a Dichemso. Ƙarshen zango hedimasta ya buɗe shafin da ya ga dama, babana yana tsaye a bakin ƙofa da warin mayanka a rigarsa. Na karanta da ƙyar, ina tuntuɓe, amma abin da ke shafin na karanta. Baba ya juya ya tafi, da dare ya kawo tsire. Ba zan yi ƙarya ba, ban yi nisa ba. A aji shida na tsaya, na zama yaron mota, na zama direba, yau bayana ya gaji da kujera. Amma ba wanda ya taɓa karanta mini takarda a rayuwata.

Ita kuwa ta koyar har ta yi ritaya, ta koma barandar gida da yaran unguwa, bayan la'asar kuma matan kasuwa masu son su iya rubuta sunansu. Manyan mutane suna tsayar da motocinsu su durƙusa gabanta, ta tambaye su ko har yanzu suna cin farce. Duk tsawon shekarun nan tambaya ɗaya tana cina. Matar da ke zura zare a allura da magariba ba tabarau, ta yaya allo mai girman ƙofa zai gagare ta?

Sai da ta haura casa'in, idon ya tafi da gaske, na tambaye ta. Na ɗauko ta daga asibiti a motata, muna tsaye cikin cunkoso wajen Race Course. Na ce, "Tica, don Allah, ranar nan kin ga allon ko ba ki gani ba?" Sai ta ce, "Kai dai ka cika tambaya, ko wa ka gado? Ban taɓa zuwa Ofinso ba, ina so in ga yadda take. Ka kai ni, na gode." Ta yi dariyarta ba haƙori, ta ce in karanta mata abin da ke bayan motar gabanmu. Na karanta.

Bara kafin azumi ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Mutanen da suka zo jana'iza sun toshe layinmu, rabinsu ban san su ba, kowa yana cewa ita ta koya masa. Yanzu yara waya suke tambaya hanya, ba mai ɓata, ba mai tsayawa cikin ruwa yana neman harafi. Ɗana na ƙarshe yana aji uku, malaminsa ya ce da kunne yake yi. Na saya masa littattafai, na yi faɗa, na gaji. Asabar mai zuwa zan ajiye motata mu tafi tasha da ƙafa, ni da shi. Idona ya fara ba ni matsala.