Burtalin da Yaya Sa'idu Ya Bari a Filin Golf

A wannan watan ne Yaya Sa'idu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen Kazaure da sunan Kyaftin suka fi saninsa, domin bayan ya yi ritaya daga aikin gandun daji shi ya riƙe kulob ɗin golf da ke bayan gari, can gindin duwatsu, har ranar da ciwo ya kwantar da shi. Kowace shekara a gida nake yi masa addu'a, in raba sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Ni malamin makaranta ne, kuma har na ajiye alli ban gane daɗin wasan nan ba. Dattijo da furfurarsa ya maka wa ƙwallo kamar ƙwan zabo sanda, ya bi ta cikin rana, in ya same ta ya sake korar ta. Na sha tsokanarsa cewa kakanmu a Roni da sanda ɗaya ya kiwata garke guda, shi kuwa ga jaka cike da sanduna amma ƙwallo ɗaya ta fi ƙarfinsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Habu, ita dai ba ta taɓa shiga gonar mutane ta jawo mini tara ba."

Filin a zamaninsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ramuka tara ne, kuma babu koriyar ciyawar nan da ake gani a talabijin. Yashi ake tankaɗewa a cuɗa da baƙin mai, a baje shi kewaye da kowane rami, in an taka a ja buhu a daidaita. Ofishin kulob rumfar kwano ce da benci da randa. Mambobin kuwa ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, da likita, da 'yan kasuwa, da wasu 'ya'yan gidan sarauta. Duk darbejiya da maɗacin da ke ba filin inuwa yau, Yaya ne ya dasa su da hannunsa, yana zuba musu ruwa da jarka a bayan tsohuwar motarsa.

Lokacin da hukuma ta ba kulob wannan fili, akwai tsohon burtali da ya ratsa tsakiyarsa. Ta nan shanun Ardo Sambo, wanda rugarsa ke bayan dutse, suke gangarawa tafkin da ke ƙasa, tafkin da ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa sosai. Ardo ya zo da shirin jin an ce ya tashi. Yaya ya tare shi a bakin tafkin, ya gaishe shi da ɗan Fillancin da ya rage mana a baki, ya kama hannunsa ya ce, "Ardo, muddin ana buga ƙwallo a nan, shanunka za su sha ruwa." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Yaya ya zauna ya sake tsara ramukan yadda burtalin zai bi tsakanin na huɗu da na biyar.

Haka aka zauna shekara da shekaru. Da hantsi in garke ya taso, sai masu wasa su dakata, kowa ya jingina da sandarsa, a gaisa da makiyaya, a tambayi lafiyar dabbobi. Har doka Yaya ya kafa, cewa wanda ƙwallonsa ta faɗa sawun kofato ya ɗauke ta ya matsar, ba a ci shi tara ba. Da damina yakan bar shanu su yi kiwo a filin, don haka kulob bai taɓa sayen injin yankan ciyawa ba. Su kuma mutanen Ardo ba sa bari ko maraƙi ya taka yashin rami, kuma ko tuta ɗaya ba a taɓa sacewa ba, alhali babu maigadi. Wata rana wani babban baƙo daga Kano ya gaji da jira, ya juyo a fusace ya ce, "Kyaftin, wai nan kulob ne ko kasuwar kara?" Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, yi haƙuri, sun riga mu rajista ne."

Yau in ka je ba za ka gane wurin ba. Injiniya Kabiru, wanda ya gaji kujerar, matashi ne mai zafin nama, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse mai sola, ya gina zaure da masallaci da bayi, ya kwashe yashin baƙin mai ya dasa ciyawa mai laushi kamar darduma. Yanzu 'yan wasa na zuwa daga Kano da Katsina, mata ma sun fara bugawa, matasa da dama na samun na abinci a wurin. Na san Yaya, da zai ga ciyawar nan sai ya cire takalmi ya taka ta. Ya mutu da burinta a ransa, kullum zancensa ke nan, in Allah ya hore ruwa.

Sai dai ciyawar nan ba ta shiri da kofato. Garke ɗaya in ya ratsa, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Don haka aka kewaye filin da waya, burtalin ya toshe, tafkin ya faɗa ciki. Yanzu an sa masa inji yana shayar da ciyawa, an kuma jera fararen duwatsu a bakinsa don ado. Shanun Ardo sai su zagaya ta bakin kwalta, tsakanin manyan motoci da gonakin mutane, zuwa wata mashaya can hanyar Gwiwa. Da rani shanun suka rame, nono ya ja baya. Da damina kuwa ba sau ɗaya ba aka kai 'ya'yansa gaban mai gari kan ɓarnar gero.

Ardo ya zo wurina, don ni ne na rage a gidanmu. Ya tsufa ƙwarai, sai da aka riƙe shi ya sauko daga babur. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, ko maganar Sa'idu tana nan. Na ce masa zan je in ji.

Injiniya ya karɓe ni da mutunci, har ƙasa ya durƙusa. Kafin in buɗe baki ya yi mini albishir cewa kwamiti ya yanke shawarar sa gasa duk shekara da sunan marigayi, da kofi, kuma ni ake so in riƙa miƙawa.

Na ce, "Injiniya, na gode, Allah ya saka. Amma da za ku bar kofin ku ba ni ƙofa ɗaya a jikin wayar nan, da 'yar siririyar hanya zuwa tafki, da kun fi girmama shi."

Ya ce, "Baba, wallahi ba ƙi na yi ba. Hanyar za ta yanke ramuka biyu, kuma in masu duba fili suka ga shanu, ba za a ƙara kawo mana babbar gasa ba. Sannan maganar nan ba a rubuce take ba, da me zan tunkari kwamiti? Amma za mu gina musu kwamin shan ruwa a waje, mu ja ruwa."

Ya cika alkawari, an gina kwamin. Sai dai ciyawa ake fara shayarwa, abin da ya rage shi ke isa waje, kuma a tsakiyar rani ba abin da ke ragewa.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Yaya na nan me zai yi? Ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Wataƙila da ya haƙura da ciyawar, wataƙila da ya samo wata dabara, don mutum ne da ya iya zama da kowa ya sha shayi har a daidaita. Abin da na tabbata shi ne ba zai iya buga ƙwallo a gefen tafki ba alhali shanu na tsaye bayan waya suna kallon ruwa. Kuma in faɗi gaskiya, wani lokaci har haushinsa nake ji. Shi da ya yi aikin gwamnati ya san yadda abubuwa ke sauyawa in an sauya mutum, me ya hana shi ɗaure maganar nan tun yana da ƙarfi, a gaban hakimi da shaidu? Ya ɗauka duk wanda zai zo bayansa zai ga abin kamar yadda ya gan shi. Wannan kyakkyawan zaton nasa shi ne ya fi ci mini rai.

Bayan girbin da ya wuce Ardo ya sake zuwa, wannan karon sallama ya kawo. Za su yi arewa, su wuce Babura su tsallaka iyaka wurin danginsu. A rugar nan aka haife shi, a nan iyayensa ke kwance. Na fara ba shi haƙuri a madadin Yaya, sai ya ɗaga mini hannu.

"A'a, Malam Habu, kada ka ɗora masa. Ni ban riƙe Sa'idu da komai ba. Ya faɗa, ya cika, har ya koma ga Ubangijinsa. Mu ne dai muka yi tsawon rai."

Na raka shi bakin hanya, na dawo na zauna a zaure, ban iya shiga cikin gida ba sai da idona ya bushe.

To me ya rage na Yaya Sa'idu? Bishiyoyinsa na nan, sun yi girma. Kulob ɗin da ya rena ya tsaya da ƙafarsa, har ya wuce inda ya yi mafarki. Sunansa na jikin kofi, an rubuta shi da ruwan zinariya, kuma masu jawabi na cewa shi ne uban wurin. Duk gaskiya ne. Amma abin da ya sa shi ya zama shi, wato likita da ɗan sarki su tsaya a rana su jira saniya ta wuce, wannan bai kai shekara bakwai a bayansa ba. Na so a ce shi ne ya daɗe, ko da rumfar kwanon ce har yau. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya bari dabbobi suka sha ya zame masa haske a kabari.

Makon jiya na hau babur na zagaya bayan dutse, don in ga wurin da idona. Bukkokin sun rushe, sai turakun da ake ɗaure maruƙa. A tsakiyar tsohuwar rugar na tarar da a-kori-kura ta kulob, ma'aikata na loda taki da shebur. Direban ya gane ni, ya gaishe ni da fara'a, ya ce Injiniya ne ya aiko su, ana so ciyawa ta yi kyau kafin gasar marigayi.

"Ai Baba, takin ruga ba irinsa," in ji shi. "Sai dai wannan ne na ƙarshe, ban san inda za mu samo na baɗi ba."